Na tarar da tsohon injin haɗa haruffa na dalma a shagon kawuna, in sayar wa 'yan gwangwan ko in bar shi?

Sadiq_KD:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ɗab'i ta da. Kawuna Allah ya yi masa rasuwa bara, yana da tsohuwar maɗaba'a a nan Kaduna wadda aka daɗe da rufewa, yanzu magada sun ce a kwashe kayan ciki za a ba da hayar shagon. To a can ƙurya bayan injin yankan takarda akwai wani ƙaton inji baƙi an lulluɓe shi da tamfol, ya fi ni tsawo, yana da wajen danna haruffa amma jerinsu ba irin na kwamfuta ba ne, a sama akwai wani faffaɗan akwati na tagulla a karkace, ta gefe kuma wata tukunya da wani farin ƙarfe ya daskare a ciki. Jikin farantin an rubuta Linotype & Machinery, Altrincham. Akwai kuma durowoyi cike da wasu 'yan ƙananan tagulla masu haƙora, kowace da harafi a gefenta. 'Yan gwangwan sun zo sun gani, sun ce a kilo za su saya, tagullar ma daban za su auna ta don ta fi tsada. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Meye wannan injin? Akwai amfanin a bar shi ko in ƙyale su su farfasa?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Kar ka yi gaggawa dai, bari Baba Kwamfozita ya shigo, aikinsa ne wannan.

BabaKwamfozita:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗana, abin da ka gani Linotype ne, kuma tunda Altrincham aka rubuta to ƙirar Ingila ce, wajen Manchester masana'antar take, irinsu aka fi kawo mana nan. A kan irinsa na ci abinci tun ina saurayi har aka daina yayinsa. Kafin komai ina roƙonka kar ka bari a taɓa waɗannan 'yan tagullar. Mu mat muke ce musu. In babu su injin nan tulin ƙarfe ne kawai.

Ga yadda yake aiki. Maɓallan nan 90 ne, ka ƙirga ka gani. Ƙananan haruffa a hagu, manya a dama, tsakiya lambobi da alamomin rubutu. Akwatin da ka ce yana karkace shi ne magazin, a cikinsa mat suke kwance layi layi kowane harafi da hanyarsa. Kana taɓa maɓalli, taɓawa kawai ba bugu irin na tafireta ba, sai mat ɗaya ta sulalo ta faɗo kan bel ta zo ta tsaya a gabanka, ta biyu ta biyo ta, haka har kalma ta haɗu. Tsakanin kalma da kalma akwai wani siririn ƙarfe dogo mai kauri ta ƙasa da yake faɗowa. Layi ya kusa cika ƙararrawa za ta kaɗa, sai ka danna hannun da ke damanka layin ya tafi. Daga nan injin ne da kansa: zai turo waɗannan siraran ƙarafan daga ƙasa su buɗa tsakanin kalmomin daidai wa daida har layin ya cika maƙil, bakin tukunya ya matso, famfo ya danna narkakkiyar dalma cikin ramukan haruffan, nan take ta daskare, wuƙaƙe su share gefenta, sai ga layi guda na rubutu ya faɗo gefen hagunka da zafinsa, yana ƙyalli, ka ɗauka ka karanta shi a juye.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne komawar mat. Wani dogon hannu ne zai sauko daga sama ya kwashe su ya kai su can ƙololuwa, su rataye da haƙoransu a jikin wata sanda suna tafiya. Haƙoran nan guda 7 ne a kowane ɓangare, kuma kowane harafi akwai waɗanda aka cire masa, sandar ita ma an yanke ta wuri wuri, to duk mat da ta iso saitin hanyarta ba abin da zai riƙe ta sai ta saki ta faɗa. Kamar awaki sun dawo kiwo da yamma, kowace ta san ƙofar gidansu ba mai nuna mata. Kana haɗa layi na uku, na biyu ana zuba masa dalma, na farko yana komawa gida, duk a lokaci guda, kuma ƙaramar mota ɗaya ce take juya komai.

Injiniya_Bala:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ko a littafi sai haka. In ƙara da tarihi kaɗan, wanda ya ƙirƙiro shi Ottmar Mergenthaler ne, Bajamushe, gyaran agogo ya koya a gida kafin ya tafi Amurka a 1872 yana ɗan shekara 18. Shi ya sa in ka kalli cikin injin za ka ga tunanin mai agogo ne. Jaridar New York Tribune ce ta fara aiki da shi a watan Yulin 1886. Kafin nan tun zamanin Gutenberg, wanda ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai, da hannu ake tsintar harafi ɗaya ɗaya, a gama bugu kuma a zauna a mayar da kowanne gurbinsa. Mutane da yawa sun yi ƙoƙarin ƙera injin da zai yi wannan aikin sun kasa, har marubucin nan Mark Twain ya zuba dukiyarsa a wani inji na James Paige mai sassa kusan 18,000 ya karye a kai. Dabarar Mergenthaler ita ce ya bar batun jera haruffan dalma gaba ɗaya, a jera mazubinsu, a zuba sabon layi, a gama bugu a mayar da shi tukunya. Bai daɗe ba shi ma, tarin fuka ya kashe shi a 1899 yana da shekara 45.

Mai_Offset_Fagge:
Tarihi yayi dadi amma Sadiq tambayar kudi yayi. Ni a wannan sana'ar nake, gaskiya zan fada maka ka sayar. Wa zai kawo maka aiki a kansa? Abinda zai dauki wuni yana yi yaro zai buga maka a kwamfuta kafin ka sha shayi, a fitar da plate a dora a inji. Wutar da zata narka dalmar ma ina take? Sannan ba naka bane kai kadai, hakkin magada ne, akwai marayu a ciki watakila. Inji ya fi tan daya yana cin waje a shagon da za a karbi haya. Duk wanda yace ka ajiye ka tambaye shi ko zai biya hayar wajen.

Ummu_Hanan:
Maganar haƙƙin magada gaskiya ce Alhaji, ba a wasa da ita. Amma ai ba dole sai ɗan gwangwan ne zai saya ba. In kuɗin kilo ne, ana iya samun wanda zai biya magada daidai abin da 'yan gwangwan suka taya ya ɗauke shi da ransa. Magada ba su yi asara ba, injin bai mutu ba.

DanBaltimore:
Sadiq wallahi da na ga post ɗin nan sai da gabana ya faɗi da ka ce za a farfasa. Ni a Baltimore nake zaune, garin da Mergenthaler ya yi aikinsa kuma a nan aka binne shi. Akwai gidan tarihin masana'antu a bakin ruwa, Baltimore Museum of Industry, suna da ɓangaren ɗab'i da Linotype mai aiki. Ranar da na kai yara wani dattijo ɗan sa kai ne a kai, ya tambayi 'yata sunanta ya danna, muna tsaye abin nan ya yi ƙaf ƙaf ƙaf ya juya, ya miƙo mata sunanta a dalma yana cewa ta yi hankali da zafi. Yarinyar da ba ta ɗaga kai daga waya sai da na ja ta muka bar wajen.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai International Printing Museum a Carson ta jihar Kalifoniya, akwai Museum of Printing a Haverhill ta Massachusetts, a Jamus akwai gidan tarihin ɗab'i na Leipzig, duk suna kunna nasu. Bayan gidajen tarihi akwai mutane zalla masu sha'awa, wani tsohon ma'aikacin jarida ne wani kuma bai taɓa aikin ɗab'i ba, sai ya ji za a rushe wata maɗaba'a ya ɗauki mota da tirela ya yi tafiyar kwana ya je ya ceto injin ya sa a garejinsa. Kamfanin ya daɗe da daina ƙera su da kayan gyaransu, saboda haka inji biyu ko uku mutum zai tara ya dinga ciro na wannan yana sa wa wancan, suna musayar sassa ta waya da intanet, sun kwafe tsofaffin littattafan gyara sun zuba kyauta. Suna da ƙungiya ma, American Typecasting Fellowship, wani Richard Hopkins ya tara su karo na farko a 1978 a wani ƙaramin gari Terra Alta a West Virginia, suna haɗuwa duk bayan shekara biyu.

Wanda ya fi burge ni Dean Coombs ne a garin Saguache na jihar Colorado, gari ne na mutum wajen 500. Jaridarsu ta mako-mako Saguache Crescent tana hannun danginsa tun 1917, kuma da Linotype ɗin da suka saya tun farkon shekarun 1920 yake haɗa ta, shi ne edita shi ne mai haɗawa shi ne makanike. Ita ake kira jarida ta ƙarshe a Amurka da ake haɗawa da dalma.

Mai_Offset_Fagge:
@DanBaltimore ka fadi amsar da bakinka ai. Yan fansho ne masu gareji da wuta awa 24. Kuma can akwai masu biyan kudi mai yawa a buga musu katin biki da tsohon inji don suna son su shafa suji harafin ya nutse a takarda. Nan wa zai kara maka ko naira dari saboda haka? Ko a Ingila da ake kera su a da, wajen da ake kira Type Archive a Landan inda aka tara kayan Monotype, wani injin hada haruffan dalma, rufe shi akayi yan shekarun nan aka kwashe kayan zuwa ma'ajiyar Science Museum. Su da suke da hali kenan.

DanBaltimore:
Haka ne an rufe shi, kuma masu wannan harka sun ji zafin abin sosai, don a can ana aiki da injinan ne ana ƙera sabbin mazubai, yanzu kuwa suna ajiye ba mai kunna su. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne ajiye ƙarfen kaɗai ba ya wadatarwa. In mutum irin Baba ya tafi da abin da ke kansa, ko inji 10 ka jera a gidan tarihi ba wanda zai iya fitar da layi ɗaya.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare, ni ma'aikaciyar lafiya ce kuma tun da na ji dalma hankalina ya tashi. Sadiq wannan farin ƙarfen na cikin tukunya dalma ce, kuma ƙurar da ke ƙasan injin da cikin durowoyin nan akwai ta a ciki. Kar ka share da tsintsiya a bushe, ka yayyafa ruwa ka goge da tsumma ka zubar da tsumman, ka sa takunkumi, kar ka ci komai a wajen sai ka wanke hannu da sabulu, kayan da ka sa kar ka shiga da su cikin yara. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka wa a cikin gida. Wanda ya rayu ma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. @DanBaltimore wannan sunan da aka ba 'yarka a dalma, ina fata ba a hannunta yake ba.

DanBaltimore:
Yana cikin kwalba a rufe saman kabad Anti, na gode da tunatarwa.

Injiniya_Bala:
Maman Ilham ta yi gaskiya a kan ƙura. Sai dai mutane suna ɗauka hayaƙin tukunyar ne babban haɗari, alhali zafinta wajen digiri 280 zuwa 290 ne, dalma kuwa sai ta haura 1,700 take tafasa. Inda matsalar take shi ne dattin da ke tasowa saman tukunya ana kwashewa, in ya bushe gari yake zama, da kuma ɓarɓashin da wuƙa da zarto suke zubarwa, sai hannu zuwa baki. Kuma ba dalma zalla ba ce, kusan kashi 84 dalma, 12 antimoni, 4 kuza. Antimoni ke sa ta tauri ta fito da bakin harafi tsaf, kuza ke sa ta gudu ta shiga kowane lungu na mat. In 'yan gwangwan suka saya ma ai narka ta za a yi a fili a cikin unguwa ba wani kariya, wannan bai fi lafiya ba.

BabaKwamfozita:
A zamaninmu madara ake ba mu a wajen aiki wai tana kashe dafin dalma. Goro kuwa da hannun nan baƙi ƙirin ake ɓantara a jefa a baki.

Maman_Ilham:
Madara ba ta fitar da dalma daga jiki Baba, al'ada ce kawai da aka yi a masana'antu da yawa har a Turai. In da hali ku je a duba muku jini da hawan jini da ƙoda, don tana daɗewa a ƙashi shekara da shekaru.

BabaKwamfozita:
To 'yata, in sha Allahu zan je. Abin da muka fi tsoro a lokacin shi ne feshi. In layi bai cika ba, ko wata mat ta karkace ba ta zauna daidai ba, famfo yana dannawa sai dalmar ta sami kafa ta yo tsartuwa waje. Akwai tabonta a hannuna na hagu har gobe. Shi ya sa ba a zama da gajeren wando ko silifa a gabansa, kuma kunnenka yana kan injin kullum, sautinsa yana canzawa kafin ya yi.

Hauwa_Jos:
Baba tambaya, in mutum ya yi kuskuren harafi ɗaya fa? Ana iya cire shi?

BabaKwamfozita:
Ba a iyawa, layin dunƙule yake. Sai dai ka sake buga layin gaba ɗaya, in gyaran ya ƙara kalma kuwa ka sake duk layukan da ke ƙasa har ƙarshen sakin layi. In ka lura ka yi kuskure tun kana tsakiya, ya fi sauri ka cika layin da shirme ka aika shi sannan ka jefar. Sai ka ja yatsa daga sama zuwa ƙasa a jeri biyun farko na hagu, abin da zai fito shi ne etaoin shrdlu, don an jera maɓallan ne bisa haruffan da Turanci ya fi amfani da su. Wani lokaci a manta ba a cire ba, mai duba furuf, wato mai karanta gwajin bugu don kamo kuskure, shi ma ya tsallake, gobe ka gan shi a tsakiyar labari a jarida.

Hauwa_Jos:
Ikon Allah. To ashe wanda na gani a wata tsohuwar maɗaba'ar mishan ba irinsa ba ne, don shi haruffa ɗai-ɗai yake fitarwa, kuma inji biyu ne, ɗaya yana huda takarda.

Injiniya_Bala:
Wannan Monotype ne Hauwa, na Tolbert Lanston, shi ma Ba'amurke, amma masana'antarsu ta Salfords a Ingila ce ta fi shahara. Mai bugawa yana huda doguwar takarda mai gurbin huda 31, a kai ta inji na biyu, iska ta bi ta hudojin ta gaya masa harafin da zai zuba, ɗaya bayan ɗaya. Shi ana iya cire harafi guda a gyara da hannu, shi ya sa masu littattafai da lissafi da jadawali suka fi son sa, 'yan jarida masu sauri kuma suka riƙe Linotype. Times New Roman ɗin da ke kwamfutarki daga wajensu ya fito, an yi wa jaridar The Times ta Landan shi a 1932. Yanzu masu sha'awa a Amurka da Poland sun ƙera 'yar na'ura da take haɗa kwamfuta da injin zubin, ka rubuta a laftof ita kuma ta dinga buɗe iskar a madadin takardar, harafin dalma ya fito. Akwai kuma Intertype wanda kusan tagwayen Linotype ne har mat ɗinsu suna shiga na juna, da Ludlow na manyan kanun labarai wanda da hannu ake jera mat ɗinsa.

Malam_Ajami:
Ni abin da nake so in sani, ya aka yi da Larabci a maɓalli 90? Harafi ɗaya yana da siffar farko da tsakiya da ƙarshe da ta zaman kansa.

Injiniya_Bala:
Malam wannan ya ba su wahala ƙwarai. Wani ɗan Lebanon a New York, Salloum Mokarzel, shi ya fara daidaita Linotype da Larabci wajen 1910 saboda jaridarsu Al-Hoda. Daga baya a shekarun 1950 mai jaridar Al-Hayat ta Beirut, Kamil Muruwwa, ya haɗa kai da kamfanin suka rage siffofin, yawancin haruffa suka koma biyu maimakon huɗu don su shiga magazin ɗaya. Wannan salon rubutun na jaridun Larabawa da muka saba gani daga nan ya samo asali.

Malam_Ajami:
To ka ga dalilin da ya sa namu bai bi ta nan ba. Ajaminmu da Alƙur'ani bugun Warshu sai da wasali a kowane harafi, ga hannun rubutun namu daban yake da na gabas. Da offset ya zo sai kawai aka koma ba wa mai kyakkyawan hannu ya rubuta a ɗauki hoton shafin a buga, irin waɗanda ake sayarwa a Kurmi. Nan kam Alhaji Mai Offset sana'arku ta yi mana rana.

Sadiq_KD:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin yana da zurfi haka ba. Na koma shagon da takunkumi kamar yadda Anti ta ce. Maɓallai 90 ne cif. Baba, a wata 'yar gwangwanin sigari a cikin durowa na sami mat da aka ware daban, da na goge su na duba da fitilar waya sai na ga ƙ ne da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Su ma na injin ne? Don ban gansu a maɓallan ba.

BabaKwamfozita:
Allahu akbar. Ɗana ka sa wannan gwangwanin a aljihunka ka tafi da shi gida yau, ka gaya wa magada ka ɗauka. Nasa ne. Injin don Turanci aka yi shi, haruffanmu masu lanƙwasa sai an yi odarsu musamman daga Ingila a jira jirgin ruwa. A inda na yi aiki ba su da maɓalli, a gefe muke ajiye su, in ka zo kan ƙasa ko ɗaki ko ɓera sai ka tsaya ka ɗauko da hannu ka saka a layin, in an zuba kuma ba ta shiga magazin, tana bi ta wuce duk hanyoyin ta faɗo ta wani bututu a ƙarshe ka tsince ta. Ka duba yawan ƙ da ɗ a shafi ɗaya na Hausa ka ga aikin. Duk da haka ba ma tsallakewa, mai duba furuf zai dawo maka da shi da jan biro. In ɗaya ta lanƙwashe ko ta ɓata kuwa ranar ba mai sukuni.

Ummu_Hanan:
Wannan ya taɓa ni wallahi. Haruffan nan ba su daɗe ba fa, a shekarun 1930 aka tsayar da su lokacin su Rupert East a Zariya, kafin nan ɗigo ake sawa ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Duk abin da aka buga da Hausar boko tun daga lokacin har zuwan offset da kwamfuta sai da wani ya sami ƙ ta ƙarfe ya sa a layi. Injin Linotype akwai dubbai a duniya, amma mat na ƙ da ɗ da ɓ nawa suka rage? Ba na jin masu garejin Amurka suna da su.

Issoufou_Zinder:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan har da ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, ka duba ko akwai ta a gwangwanin, ko da yake tunda kayan Najeriya ne da wuya. Game da maganar DanBaltimore, ba Amurka kaɗai ba, a Faransa ma akwai jaridar mako-mako a garin Vervins, Le Démocrate de l'Aisne, tun 1870 take fita kuma har yanzu da dalma ake haɗa ta, mutanen yankin suna riƙe da ita suna biyan kuɗin shekara, baƙi suna zuwa kallon aikin. Abu ɗaya da za ku kiyaye in za ku nemo kaya daga waje, tsayin harafi na Faransa ya ɗan fi na Ingila da Amurka, in ka haɗa su a shafi ɗaya wani zai huda takarda wani ba zai taɓa ta ba.

Mai_Offset_Fagge:
To gwangwanin kam a ajiye, wannan ko ni ba zan sayar a kilo ba, bai kai nauyin da zai kawo kudi ba ma. Amma injin ina nan kan bakana. New York Times da kanta ta kashe nata a daren 1 ga Yuli 1978, mu ne zamu fi su son sa? Kuma ku fada masa gaskiya nawa zai kashe kafin ya tashi.

Injiniya_Bala:
Ba wanda zai iya faɗin kuɗi bai gani ba Alhaji. Sadiq abin da zan ce, ko za a sayar ko ba za a sayar ba, kar ka haɗa shi da wuta. Inji da ya daɗe a tsaye in mota ta fizge shi wani abu ya cije, ƙarfen zubi ne karyewa yake, kuma ba inda za ka sayo. Da hannu ake fara juya shi a hankali ta baya ana saurare. Kar ka zuba mai ko gas a magazin ko kan mat, a bushe suke aiki, mai yana sa su manne. Kar wani ya ce zai ƙara maka dalmar batir a tukunya, gaurayen ba ɗaya ba ne, in zinc ya shiga ma duk ta lalace. In za a matsar da shi a sauke magazin tukuna, nauyinsa a sama yake yana iya kifewa, a kan bututan ƙarfe ake gangara shi. Ka ɗauki hoto ta kowane gefe kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Sannan ka je sashen koyar da ɗab'i na Kaduna Polytechnic da Arewa House ka yi musu bayani, ko da ba su da kuɗin saye suna iya sanin wanda zai tsaya.

Hauwa_Jos:
In za a yi karo-karo a biya magada kuɗin kilon ni zan sa hannu. Amma da sharaɗin a sami matasa biyu ko uku su zauna da Baba ya koya musu ana ɗauka a bidiyo, in ba haka ba mun sayi ƙarfe ne kawai mun canza masa ɗaki.

BabaKwamfozita:
Idona ya yi rauni amma hannu bai manta ba, in an kawo ni gabansa zan san ko zai tashi. Sadiq ka duba min abu uku kafin nan. Siraran ƙarafan nan na tsakanin kalmomi, suna cikin wani ƙaramin akwati sama da inda layi ke haɗuwa, ka ƙirga su ka ga ko tsatsa ta ci su, don kullum da safe sai mun goge su a kan katako da garin girafait kafin a fara aiki, in sun yi tsatsa aiki ne babba. Na biyu ka leƙa ƙarƙashin tukunyar ka ga waya ce ta shiga ko bututu.

Injiniya_Bala:
In bututu ne an huta Baba, tukunyar gas ce, da silinda za a narka, motar kuma ƙaramin janareta ya ishe ta. In ta lantarki ce sai an gwada abin ɗumamawar da ke ciki, kuma ni zan ce a mayar da ita gas kawai.

BabaKwamfozita:
A'a Injiniya, kar a taɓa ta in tana aiki. Ta lantarki ta fi riƙe zafi daidai, ta gas in iska ta kaɗa wutar sai ka ga layi yana fitowa da rami a ciki ko fuskar harafi ta yi sanyi ba ta fito ba. Na uku Sadiq, a bayan injin akwai wasu manyan faifan ƙarfe jere a kan sanda ɗaya, ka haska fitila ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai wanda ya tsage ko aka taɓa yi masa walda. Ka turo hoton wannan kafin Juma'a in Allah ya kai mu, jikana zai buɗe min a wayarsa.